Mitocin Da Suka Yi Shiru

An tsinci gawar Taufiq da safe a cikin busasshiyar magudana, a wutsiyar reshen kanal ɗin da ke shayar da gonakin Kwarin Giginya, tsakanin Kura da Bunkure. An tsaga masa ƙeya da wani abu mai faɗin baki. Jinin bai yi nisa ba, ƙasa ta shanye shi, don ta daɗe ba a ba ta komai ba.

Taufiq shi ne mai kula da mitocin ƙungiyar masu ban ruwa, ƙananan na'urorin da aka kakkafa a gonaki suna auna danshin ƙasa. Saurayi ne mai yawan gaisuwa. Ba a san shi da abokin gaba ba, abin da ake faɗa a kan kowace gawa.

Sammani ne ya fara ganinsa. Makiyayi ne, a rugar bayan gari aka haife shi, yana noman masara kamar kowa, yana tsayawa sahu ɗaya da kowa ranar Juma'a. Ya koro shanunsa za su sha ruwa, ya ga mutum kwance, ya sauka ya ɗago shi, ya ga babu rai, ya rugo cikin gari yana kiran jama'a da jini a gaban rigarsa. Mutanen gari suka dubi jinin, suka dubi sandarsa, suka gama bincike.

Kafin hantsi sun karya masa hannun dama, sun fasa masa baki. Wasu suka wuce ruga suka cinna wa bukkoki wuta, suka sare agarar wani bijimi suka bar shi yana jan gindi cikin hayaƙi. Yusuf, yayan mamacin, shi ke gaba, da jarkar fetur a hannu ɗaya da tsohuwar taya a ɗayan.

Mai unguwa Dattijo ya samu ya ƙwace Sammani da ƙyar, ya sa aka ɗaure shi a jikin darbejiyar ƙofar gidansa, inda idonsa zai kai. Ya buga wa 'yan sanda waya a Kura. Samarin Yusuf suka je suka tare gadar shigowa gari da gumagumai.

"Bayan la'asar za a yi jana'iza," in ji Yusuf. "Ranka ya daɗe, wallahi kafin a sa ƙanina a ƙasa wannan zai zama toka."

"Ka bar mini shi zuwa la'asar ɗin," in ji Mai unguwa. "Na aika a kira Jaji."

*

Jaji tsoho ne, siriri, mai bin sawu. Shekarunsa na ƙarfi ya ƙarar da su yana bin shanun sata har dajin Falgore. Yanzu yawanci tumaki da injin ban ruwa ake kiransa ya nemo. Ba ya son mutane sosai, kuma yana da dalilansa.

Ya tarar an ɗauke gawar, an tattake bakin magudanar kamar filin kokawa. Ya tsuguna can gefe, inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, ya daɗe yana kallon sawun shanu. Sun zo a jere a kan gaɓar kanal, da suka kusa wurin sai suka watse, suka yi kwana mai faɗi, suka sake haɗuwa a gaba.

Yusuf yana tsaye a kansa, bai ajiye jarkar ba.

"Shanun nan sun ji warin jini ne suka kauce," in ji Jaji. "Da suka iso, ɗan'uwanka ya riga ya kwanta."

"To ya kashe shi, ya koma ya koro su don su goge sawunsa."

"Sannan ya shigo gari da jini a ƙirji yana kiran ku."

"Baba Jaji, ban zo gardama ba. In ba shi ba ne, ka nuna mini wane ne. In ba ka nuna ba, shi ne."

Wannan shi ne irin shari'ar da aka fi yi a ƙasar nan, kuma ba ta buƙatar alƙali.

Jaji ya miƙe ya dubi gonar da ke bakin magudanar. Tumatir ne, ya fara ɗaurin 'ya'ya sannan ya bushe a tsaye, ganyen ya naɗe ya koma kalar taba. A tsakiyar kunyoyin ga mitoci a kan gajerun sanduna, kowace da ɗan farantin hasken rana a kanta. Wadda ta fi kusa da inda aka tsinci gawar, wayarta a haɗe take, ga sukundireba a yashe a ƙasa. Sauran duk an zare musu waya.

*

Mai gonar yana zaune a inuwar wani ɗan mangwaro a kan iyaka. Mudassiru ne, magidanci, mutum mai shiru, wanda ake ba yara misali da shi wajen kula da shuka. Idanunsa sun yi ja. A ranar idon kowa ya yi ja.

"Sannu da haƙuri, Mudassiru."

"Haƙuri sai Allah, Baba."

"Yaushe rabonka da ruwa?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka tambayi tumatirin. Ana buɗe ƙofar kanal, kafin ruwan ya wuce gonakin Alhaji Isiyaku an rufe. Ko ƙadangare ba ya jiƙa ƙafa a nan."

"Bara fa?"

"Bara ruwa har nan yake kwana."

"Wa ya zare wa mitocinka waya?"

Mudassiru ya ɗauki wani busasshen ganye ya murƙushe shi a tafin hannu. "Wa ke son gonar nan? Tun ina yaro Alhaji yake zagaya ta. Shi ne shugaban ƙungiya, shi ke da bakin kanal, shi ake tambaya kafin a buɗe ƙofa. Marigayin ma, Allah ya ji ƙansa, yaronsa ne. Abin da aka ce ya yi shi yake yi."

"Kana ina da safe?"

"Gida. Me zan zo yi? In zo in kalli wannan?"

Jaji ya ɓare goro, ya miƙa masa ɓari. Mudassiru ya girgiza kai.

*

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a bakin hanyar Bunkure, da fankar da ba ta juyawa. A ciki Ummulkhairi take zaune gaban kwamfuta. Ita ke kula da manhajar da ke raba ruwa tsakanin rassan kanal. Ta yi karatunta a Kano ta dawo gida, abin da har yau wasu ke ganin alamar rashin sa'a ne. Ta yi kuka ta gama, fuskarta ta bushe.

"'Yata, ki faɗa mini yadda abin nan yake yanke hukunci. A hankali, kamar kina koya wa jaki."

"Baba, ka ɗauka gonaki huɗu ne a reshe ɗaya. Biyu suna bakin kanal, a jiƙe suke. Biyu suna wutsiya, a bushe. Kowace mita tana aiko da lambar danshinta. Manhajar ta tara lambobin ta raba huɗu, abin da ya fito shi ne matsakaicin reshen. Reshen da matsakaicinsa ya fi ƙasa, shi ya fi ƙishi, shi ake bar wa ƙofa a buɗe ta daɗe."

"In mita ba ta aiko komai ba fa?"

"Duk rigimar a nan take. Wanda ya fara rubuta manhajar, in mita ta yi shiru sai ya sa mata sifili. Sifili kuwa yana nufin ƙasar ta bushe ƙamas. Sai matsakaicin ya faɗi, a ƙara wa reshen ruwa. Bara manoma suka gano haka. Mutum ya zare waya da yamma, washegari ruwa har ƙofar bukkarsa."

"Su wa suka yi?"

"Ka tambaye ni su wa ba su yi ba."

"Har liman?"

"Ban ce ba. Amma albasarsa ta yi kyau bara."

Jaji bai yi dariya ba, amma ya daina taunar goron na ɗan lokaci.

"Farkon ranin nan na gyara," ta ci gaba. "Yanzu in mita ta yi shiru, manhajar tana tsallake ta. Ba ta sa sifili, ba ta ƙirga ta. Ta tara waɗanda suka yi magana ta raba da yawansu. Haka ake koyarwa, haka kowa yake yi."

"To a gonakinki huɗu, in na wutsiyar ne suka yi shiru?"

"Sai ta tara jiƙaƙƙun biyu ta raba biyu." Ta dubi allon kwamfutar. "Sai reshen ya fito kamar fadama. A rage masa ruwa. Ɗan abin da aka saki na bakin kanal su shanye."

Malaman rabon gado sun daɗe da warware wannan. Mutumin da ya ɓace ba a raba dukiya kamar ya mutu, ba a kuma yi kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ajiye rabonsa ake yi, a tura a nemo labarinsa. Manhajar farko ta ɗauki shiru a matsayin mutuwa, ta biyu ta ɗauke shi a matsayin babu. Babu wadda ta tura a tambaya.

"Tsallakewa ba laifi ba ce in tsuntsu ne ya yi kashi a kan faranti nan da can," in ji Ummulkhairi. "Amma in duk waɗanda suka yi shiru masu ƙishin ne, matsakaicin ƙarya yake yi. Kwanan nan na lura duk na wutsiyar Kwarin Giginya sun ɗauke. Na nuna wa Taufiq. Ya ce zai je da sassafe kafin rana ta yi zafi."

"Wa ya san kin canza lissafin?"

"Ni, da Taufiq, da Alhaji Isiyaku. Taufiq ya so a tara manoma a faɗa musu. Alhaji ya hana. Sun yi cacar baki a nan inda kake tsaye."

*

Alhaji Isiyaku yana gonarsa ta bakin kanal, ana ɗora kwandunan tumatir a mota. Ƙato ne, gwiwarsa ta dama ta lalace, yana dogara sanda. Ya taho wajen Jaji ta tsakiyar kunyoyi yana take shukarsa, jajayen 'ya'ya suna fashewa a ƙarƙashin takalminsa, ko kallonsu bai yi ba.

"Jaji, an ce ni kake nema. Akuyar wa ta ɓata?"

"An ce kun yi faɗa da marigayi, Alhaji."

"Na yi faɗa da rabin garin nan, duk suna raye."

"Me ya sa ka hana a faɗa wa mutane an canza lissafi?"

"Don ɓarayin ruwa ne. Na tsaya a masallaci na ce duk wanda aka kama ya taɓa mita za a kore shi daga ƙungiya. Masu hankali suka daina. Wanda bai daina ba, na ce a bar shi na'urar ta koya masa. In ka faɗa musu sabon lissafin, kafin mako sun gano yadda za su cuce shi. Sai su koma zare na jiƙaƙƙun gonaki."

"An ce kana son gonar Mudassiru."

"Ina so. Ina son ta maƙwabcinsa ma. So laifi ne?" Ya buga sandar a ƙasa. "Tun asuba ina Kadawa wajen masu motoci, ka je ka tambaya. Kuma dube ni da kyau. In na ɗaga shebur na maka wa saurayi, wa zai riƙe mini ƙafar?"

Jaji ya dubi ƙafar, ya dubi layin tumatirin da ta murƙushe a baya. Ya yi sallama.

A hanya ya ji ihu daga ƙofar gidan Mai unguwa. Wani yaro ya jefi Sammani da dutse a goshi, manya suna dariya. Rana ta riga ta karkata.

*

Ya koma gonar wutsiya. Babu kowa a gindin mangwaron. Wannan karon bai tsaya a bakin magudana ba, ya shiga cikin kunyoyin.

Ya fara da wayoyin. Ba yanke su aka yi ba. An kwance su a hankali, an naɗe bakin kowace da leda, an ɗaure da zare don kada ƙasa ta shiga.

Sannan ya dubi ƙasa. Takalmin roba ne, irin wanda kowane manomi a yankin yake sawa, don haka takalmin bai faɗa masa komai ba. Tafiyar ce ta yi magana. Akwai tsohon sawu da ya nutse tun ƙasar tana da laushi, ya bushe da siffarsa. Yana tafiya daga mita zuwa mita. A wuri ɗaya mai sawun ya durƙusa, ga shaidar gwiwarsa, ya tara ƙasa a gindin wata shuka da ta kwanta, sannan ya wuce zuwa mita ta gaba.

Akwai kuma sabon sawu a kan busasshiyar ƙasa, daga bakin magudana zuwa ƙarshen gona. Gudu ne, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba, taku yana da nisa. Jaji ya bi shi yana duban kowace shuka ta dama da hagu. A ƙarshen gonar, cikin ciyawar kan iyaka, ya ga shebur. An goge bakinsa da ƙasa, amma ƙudaje sun san abin da aka goge.

Ya ɗauke shi ya naɗe a buhu. Daga cikin gari aka kira sallar la'asar.

*

Da aka idar, gari duka ya hallara a ƙofar gidan Mai unguwa. Makara tana gefe a inuwa. Sammani yana jikin darbejiya, kansa a sunkuye, karyayyen hannun ya kumbura har igiyar ta nutse a ciki. Yusuf ya riga ya rataya masa tayar a wuya, ya buɗe murfin jarkar. Warin fetur ya cika wurin.

Jaji ya sa aka kawo wa Alhaji Isiyaku kujera. Ya sa aka kira Ummulkhairi ta tsaya kusa da Mai unguwa. Mudassiru yana cikin sahun gaba, cikin waɗanda za su ɗauki makara.

"La'asar ta yi, Baba Jaji," in ji Yusuf.

"Na ji kiran. Ina da tambaya ɗaya ga jama'a. In aka zare wa mita waya, me ke faruwa da ruwa?"

Kowa ya kalli na kusa da shi. Can wani tsoho ya ce, "Ƙaruwa yake yi. Wannan ai har mata sun sani."

"'Yata, haka ne?"

"Bara ne haka," in ji Ummulkhairi. "Tun farkon ranin nan an canza. Yanzu mitar da ta yi shiru ba a ƙirga ta. In gonarka a bushe take ka zare wayarta, ka cire kanka daga lissafi ne. Sai a ga reshenku ya ƙoshi, a rage muku ruwa."

Gunaguni ya tashi, idanu suka koma kan Alhaji Isiyaku. Wani ya ce shi ne ya zare na wutsiya don ya ci gonar. Yusuf ya juya da jarkar. Alhaji ya yi yunƙurin tashi, gwiwar ta ƙi.

"Ku dakata," in ji Jaji. "Wanda ya zare wayoyin nan ya naɗe bakinsu da leda. Niyyarsa in ruwa ya zo ya mayar da su. Maƙiyi yanka yake yi ya wuce. Kuma yana cikin zarewar ya ga shuka ta kwanta, ya durƙusa ya tayar da ita."

Ya warware buhun, ya ajiye shebur ɗin a ƙasa.

"Yau da safe mutumin nan ya maka wa Taufiq wannan a ƙeya, ya ruga ta cikin gona. Na sha bin sawun mai gudu da jini a hannunsa. Ba ya ganin gabansa, ƙaya yake bi, shinge yake bi. Wannan ya ratsa gonar daga farko har ƙarshe a guje, bai taka shuka ko ɗaya ba. Matacciyar shuka, wadda ko akuya ba za ta ci ba. Ƙafarsa ta san inda kowace take, don ita ta bi layin ranar da aka dasa su."

Bai kira suna ba. Ba sai ya kira ba. Mutanen da ke kusa da Mudassiru suka ja baya, suka bar shi tsaye shi kaɗai.

Mudassiru ba shebur ɗin yake kallo ba. Ummulkhairi yake kallo.

"Malama," ya ce, a hankali. "Kina nufin duk ranin nan ni nake rage wa kaina ruwa?"

"Eh."

"Da na ga bai zo ba, sai na ƙara zare wata. Na ce ƙila ɗaya ba ta isa ba."

Ya juya ya dubi makarar Taufiq.

"Na same shi yana mayar da wayar. Na ce Alhaji ne ya turo ka ka ƙarasa ni. Ya ce in bari ya gama, ruwa zai zo. Yana faɗa yana murmushi, bai ko juyo ba." Ya dubi shebur ɗin. "Na ɗauka raina mini hankali yake yi."

"Mita ɗaya ya samu ya haɗa," in ji Ummulkhairi. "Lambarta ta shigo da safe. Ita kaɗai ta ja matsakaicin ƙasa. An ƙara wa reshenku lokaci, tun azahar ƙofar take buɗe. Yanzu haka ruwan ya kusa gonarka."

Mudassiru ya zauna a ƙasa kamar an zare masa ƙashi.

Yusuf ya maka masa jarkar a fuska, fetur ya watsu a kan su biyun. Daga nan ba a iya ganin wanda ya bugi ina. Sanduna, duwatsu, ƙafar kujerar Alhaji. Mutanen da suka karya hannun Sammani da safe su ne a gaba, da ƙwazo iri ɗaya da tabbaci iri ɗaya. Wani yana neman ashana. Mai unguwa, da shekarunsa, ya faɗa kan Mudassiru ya rufe shi da babbar rigarsa, yana cewa duk mai ƙyasta wuta ya haɗa da shi. Sanda ɗaya ta same shi a kafaɗa kafin su gane wanda suke duka.

Samarin da ke tsare gada sun ji ihu sun baro ta don kada a gama babu su. Ta haka motar 'yan sanda ta samu hanya. Aka harba bindiga sama, taron ya buɗe. Suka ja Mudassiru zuwa mota, muƙamuƙinsa a saki, ido ɗaya a rufe, yana numfashi. Aka ɗauki shebur ɗin. Aka ce Alhaji da Ummulkhairi su biyo baya.

Liman ya ce rana tana faɗuwa, gawa ba ta jira. Aka ɗauki makara. Jama'a suka bi ta suna salati, Yusuf a gaba yana kuka, rigarsa tana warin fetur.

Filin ya zama babu kowa, sai takalman da aka zubar, da Jaji, da mutumin da ke jikin darbejiya. Cikin duk waɗanda suka wuce ta gabansa zuwa maƙabarta babu wanda ya dube shi.

Jaji ya cire masa tayar, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Sammani ya zame ya zauna a gindin bishiyar. Jaji ya ɗebo ruwa a randar ƙofar gida ya riƙe masa moɗa a baki.

"Iyalina?" in ji Sammani.

"Sun gudu Garun Mallam wajen 'yan'uwanka. Ba a taɓa su ba. Bukkokin ne babu."

"Shanun?"

"Sun watse cikin kara. Zan tattaro maka su gobe. Bijimin sai dai yanka."

Sammani ya gyaɗa kai. Ya kurkure bakinsa ya tofar, wani abu fari ya faɗo cikin jinin. Haƙorinsa ne. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa hannun hagu ya ɗauka, ya goge a gefen wandonsa, ya sa a aljihu.

"Me za ka yi da shi?" in ji Jaji.

"Ba zan bar komai nawa a garin nan ba, Baba. Kama ni in tashi."